Yadda Za Ka Sayar da Babban Mashin Ɗinka da Kanka a Zuru

Da yayana ya ajiye kaki bayan shekara 35 yana aikin soja, mashin ɗinsa ya riga akwatunansa isowa Zuru. Honda Shadow ne mai inji 750, baƙi wuluk, ɗan Kwatano, a Legas ya saye shi. Irin wanda Turawa ke kira kuruza ne: dogo, mai faɗi, sirdinsa ƙasa-ƙasa, mahayi ya zauna tamkar a kujerar falo, ƙafafu a miƙe gaba, hannuwa a buɗe. Yaya bai bar shi haka ba. Ya cire salansar kamfani ya ɗaura mai rugugi, ya sa aka ɗaga masa kai, ya ƙara fitilu biyu da gilashin tare iska, wani baduku kuma ya ɗinka masa jakunkunan fata masu geza, hagu da dama. In ya tayar da shi da safe, duk layin sun san Yaya zai fita.

Bai hau shi da yawa ba. Ciwon gwiwa ya matsa masa, mashin ɗin kuwa ya ninka Boxer a nauyi, sai aka tura shi zaure aka lulluɓe da tamfol. Damina uku ya yi a nan. Bara Yaya ya kira ni ya miƙo mani makulli, ya ce, "Ƙanena, nema wa dokin nan mai shi. Ban son dillali, kuma kada ka ba mutumin da ba ka san inda yake kwana ba." Wata huɗu na yi kafin in cika umarninsa. A cikin watannin nan na gane cewa sharaɗinsa na biyu ya fi farashi nauyi, domin farashi a zama ɗaya ake daidaita shi, amma mashin da ya bar hannunka da sunanka a jikinsa yana iya dawo maka da magana bayan shekara biyar.

Wa zai saya?

Ka fara cire ɗan kabu-kabu daga lissafi. Shi Boxer yake so ko TVS, wanda zai ɗauki buhun masara da fasinja, ya sha mai kaɗan, in ya lalace a Dabai ko Mahuta kowane bakanike ya kwance shi ya ɗaura kafin la'asar. Manomi ma haka. Kuruza cikinsa dab da ƙasa yake, tazarar ba ta kai taƙi ɗaya ba, ƙasarmu kuwa ta duwatsu ce da kwazazzabai, hanyar gona ɗaya ta isa ta lotsa masa salansa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa lita yake ƙirgawa, inji mai silinda biyu kuma ba ya jin lallashi. Kayan gyaransa ba su a shagunan Zuru, sai an aika Kano ko Kaduna ko Legas.

Masu sayen kaɗan ne, amma akwai su. Hafsa a bariki, ma'aikaci a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa mana a 2020, matashin ɗan kasuwa mai sha'awa, ɗan Zuru mazaunin Abuja ko Minna da ya zo ganin gida, da 'yan ƙungiyoyin hawan manyan mashina na birane, waɗanda suka fi kowa sanin darajar abin. Ke nan kasuwarka a cikin waya take da bakin mutanen da suka san ka, ba a bakin tasha ba. Lokaci ma yana da tasiri. Bayan kaka, in an sayar da dawa da shinkafa kuɗi sun zauna a hannu, ko lokacin Sallah da Kirsimeti da bikin Uhola da mutanenmu ke dawowa gida, nan ne ake samun mai tayawa da gaske. Tsakiyar damina kowa kuɗin taki yake nema. In kuwa wata larura ce ta gaggawa ta sa za ka sayar, ka shirya wa faɗuwa tun yanzu, don mai saye yana jin ƙanshin matsuwa daga nesa.

Takardu kafin sabulu

Yawancinmu da wanke mashin muke farawa. Ka fara da jakar takardu. Ka baje su a tabarma: takardar kwastam da ta nuna an biya kuɗin fito, rasit ɗin wanda ya sayar maka, shaidar mallaka, takardar rajistar lamba, lasin, da inshora. Wadda ta ƙare ka sabunta ta. A farashin da hukumar inshora ta NAICOM ta tsayar a Janairun 2023, ƙaramar inshorar mashin naira 3,000 ce a shekara, bai kamata wannan ya ba mai saye ƙofar rage maka dubu hamsin ba.

Daga nan ka ɗauki tocila da tsumma ka durƙusa. Lambar bodi tana wuyan mashin, inda kai ya haɗu da gangar jiki, lambar inji kuma an buga ta a jikin injin daga ƙasa. Ka goge su ka karanta harafi bayan harafi, wani na riƙe da takarda yana bin ka. Mashin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1981 zuwa yau lambar bodinsa guda 17 ce, haruffa da alƙaluma a gauraye, kuma tana magana ga wanda ya iya saurare. Honda ƙirar Japan da JH2 take farawa. Na goma a jerin shi ne shekarar ƙira: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A kuma 2010, B 2011, haka har gaba. A Legas an ce wa Yaya mashin ɗinsa ɗan 2008 ne, ya kuma riƙe haka shekara da shekaru. Da na ƙirga, na goma 5 ne. Na rubuta 2005 a talla, kuma na gode Allah da ni na gano, ba mai saye ba, domin da shi ya gano a gaban shaidu da ba zai ƙara yarda da ko kalma ɗaya daga bakina ba.

In wata takarda ta ɓata, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda, ka yi takardar rantsuwa a kotu, ka nemi madadinta a ofishin lasin kafin ka fitar da talla. In ka ga alamar an kankare lamba ko an sake buga ta, ka dakata da maganar sayarwa gaba ɗaya, ka nemi wanda ya sayar maka ku je gaban hukuma. In mashin ba naka ba ne, kamar yadda na Yaya ba nawa ba ne, mai shi ya rubuta maka takardar wakilci da sa hannunsa da na shaida. In na gado ne, kada ya motsa sai magada duka sun amince a rubuce, mata da maza, har wanda ke nesa.

Mai karatu a wani gari zai ce na tsananta. Wanda ke zaune a masarautar nan, Zuru ko Fakai ko Sakaba ko Danko/Wasagu, ya san abin da mashin ya zama a hannun 'yan bindiga, ya kuma san idon da jami'an tsaro ke kallonsa da shi. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta hana sayar da mashina na hannu a kasuwar Charanci. A Nuwamban shekarar maƙwabciyarmu Neja ta sa takunkumi kan sayar da mashina a jihar. Gaskiya ne kuruza ba mashin daji ba ne, ba zai iya hanyar shanu ba. Amma sojan da ke shingen bincike takarda yake dubawa, kuma ranar da aka buge yaro da mashin aka gudu, ko aka gan shi inda aka yi ta'asa, lambar da ke bayansa ƙofar gidan wanda sunansa ke rajista za ta nuna.

Mashin da bai yi tafiya ba

Mitar mashin ɗin Yaya 11,000 take nunawa. Abu na farko, wanda ya zo daga Amurka da mil yake ƙirga, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne da ɗoriya, saboda haka tafiyarsa ta gaskiya wajen kilomita 17,700 ce. Ka faɗi wannan da bakinka. Ga injin da aka ƙera don doguwar hanya, har yanzu yaro ne.

Sai dai babu mai saye da zai yarda da mita don kawai ta faɗa. Kowa ya san ana tsinke wayarta, ana mayar da ita baya, ana ma canza ta ɗungurungum. Jikin mashin ne shaidarta. Robar da ake taka ƙafa in zanenta bai goge ba, robar hannu in ba ta yi santsi ba, faifan birki in ka shafa gefensa ba ka ji ya yi baki ba, haƙoran da sarƙa ke hawa in ba su lanƙwashe kamar lauje ba, bakin makulli in bai cinye ba, waɗannan su ne ke rantsuwa a madadinka. Ka nuna wa mai saye su ɗaya bayan ɗaya, ka bar shi ya taɓa. Gani ya kori ji.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɓarnar da zama ke yi. Mun ɗauka tunda ba a hawa, lafiyarsa ƙalau. Da muka yaye tamfol, batir ya mutu murus. Fetur ɗin da ya kwana a kafireta ya zama danƙo ya toshe ƙananan ƙofofinta. Na haska cikin tanki na ga tsatsa ta fara ja a ƙasa. Ɓeraye sun gaigaye waya biyu a ƙarƙashin sirdi, zanzaro ya yi gininsa a bakin salansa, ƙurar hunturu uku ta cika matatar iska. Tayoyin kuwa zanensu cike yake kamar sababbi, amma robar ta bushe ta yi tsaga-tsaga a gefe. A jikin kowace taya akwai alƙaluma huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2314 na nufin mako na 23 a 2014. Tayar da ta haura shekara shida, ko ba ta taɓa taka kwalta ba, ba abin amincewa da rai ba ce a kan mashin mai wannan nauyi.

Abin da ya dace ka gyara shi ne duk abin da zai sa ya tashi bugu ɗaya ya kuma tsaya in an taka birki: batir, wankin kafireta da tanki, fulogi, sabon baƙin mai, man birki, ruwan lagireto in mai sanyaya da ruwa ne kamar Shadow. Ka duba shakazoba ta gaba ko tana tsiyayar mai. Taya tana da tsada, kana iya barin ta ka gaya wa mai saye gaskiyar shekarunta ka rage masa kuɗinta. Wannan ya fi mani, don wani yana da irin tayar da yake so.

Ka zaɓi bakanike da natsuwa. Wanda duk rayuwarsa Boxer da Jincheng yake kwancewa gwani ne a fagensa, amma kada ya koyi aikin silinda biyu a kan kayanka. Ka tambayi wanda ke duba wa mutanen bariki manyan mashinansu, ka zauna a wurin har a gama. Kuma kada ka yarda a sauke inji in ba dole ba. Mai saye da ya san abin da yake yi kan notocin inji yake fara kallo, in ya ga sifana ba ta taɓa cizon su ba, rabin cinikin ya ƙare. Kowane rasit na gyara ka ajiye shi cikin jakar takardu.

Sai yanzu sabulu. In kana da kyau ka ƙara da wanka, amma ban da feshin ruwa mai ƙarfi a kan wayoyi, ban da shafe inji da baƙin mai don ya yi ƙyalli. Masani zai ɗauka yoyo kake ɓoyewa.

Kwalliyar taka ce

Nan ne wurin da ya fi ciwo, kuma nan ne na fi daɗewa da Yaya. Ya zauna ya lissafa mani abin da ya kashe a salansa da fitilu da gilashi da fata, yana son a ɗora a kan farashi. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, rugugin nan kai ya yi wa daɗi. Wanda zai saya nasa yake so ya zaɓa." Ya yi shiru, ya ce in yi yadda na gani.

Kuɗin kwalliya ba ya dawowa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wani lokaci ma rage daraja take yi, domin mai saye in ya ga an yanka waya an ƙara fitila, tunaninsa wane hannu ne ya yi aikin, me kuma ya taɓa. Salansar da aka canza ba tare da an daidaita kafireta ba takan sa inji ya riƙa tari yana harbi in an saki mai. Kan da aka ɗaga yakan ja wayar kuloci da ta birki su yi tsauri in an karya kwana. Sa'ar da muka yi, Yaya soja ne, ba ya yar da komai: salansar kamfani da ainihin kan mashin suna ɗakin ajiya a naɗe cikin buhu. Muka mayar da su. Nan take mashin ya koma kamanninsa, masu kira suka ƙaru. Kayan kwalliyar na yi musu farashi dabam, wanda ke so ya ƙara kuɗi ya ɗauka, wanda ba ya so in sayar wa wani. In ba ka ajiye na asalin ba, ka faɗi duk abin da aka canza, kada ka bari ya gano da kansa.

Akwai kwalliyar da cire ta wajibi ne. Tambarin rundunar soja ko na 'yan sanda, fenti mai dabbare-dabbaren kakin soja, jiniya, sunanka ko inkiyarka a tanki, hoton ɗan siyasa. A garin da kusan kowane gida ya ba da soja, irin waɗannan tambura sun zama ado, amma ka tuna wanda zai hau bayanka zai ratsa shinge da su, ana sara masa da mutuncin da ba nasa ba. In kuma ka sake wa mashin launi, takarda na cewa ja ido na ganin baƙi, ka je ofishin lasin a gyara kafin ciniki.

Wajen yanke farashi, kada ka dubi abin da ka saya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 kuɗin shigo da irinsa ya yi tashin gwauron zabo, wanda ya sayar a tsohon lissafi ya yi kyauta bai sani ba. Ka shiga shafukan Jiji da Facebook ka nemi irin naka, ƙira ɗaya, shekara kusa, a Legas da Abuja da Kano. Ka tuna abin da ka gani kuɗin nema ne, ba na sallamawa ba, kuma mai saye daga nesa zai cire kuɗin ɗauko shi daga Zuru. Ka tsayar da adadi uku a ranka: wanda za ka faɗa, wanda kake fata, da wanda ƙasa da shi gara mashin ya koma zaure. Na ukun nan ko amininka kada ya ji.

Talla, gwaji, da kuɗi

Ka ɗauki hoto da hantsi, a jikin bango marar alama, ba a ƙofar gidanka ba. Hagu, dama, gaba, baya, mita, inji, shekarar taya, da duk wani ƙwarzane. Ka rufe lamba. Ka yi ɗan bidiyo ka ɗora hannu a kan inji don a ga da sanyinsa, sannan ka tayar. Kada ka tura wa kowa hoton takardu a waya, akwai masu kwafe su su yi tallar bogi da kayanka su karɓi kuɗin mutane. Rubutun talla gajere ya isa. Nawa cewa ya yi: Honda Shadow 750, ƙirar 2005, mil 11,000, ba a taɓa sauke inji ba, takardun kwastam da rajista cikakku, tayoyi sun tsufa suna son canji, akwai ƙwarzane a tanki ta dama, yana Zuru, a zo a gani.

Faɗin aibi ba asara ba ne. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa wanda aka ɓoye wa aibin kaya yana da haƙƙin mayarwa, kuma ko ba wannan, Zuru ƙaramin gari ne. Mutumin da ka rufe yau, da shi za ku haɗu a wurin suna ko jana'iza.

Dillalai za su zo ko ba ka kira su ba. Ba abokan gaba ba ne, dillalin kirki lamuni ne ga ɓangare biyu, shi ya sa sana'ar ta daɗe a ƙasar Hausa. Amma tunda ka zaɓi ka sayar da kanka, ka faɗa musu a fili cikin mutunci. In wani ya ce yana da mai saye, ku yanke la'adarsa a gaban shaida kafin ya kawo shi, kuma kai da mai saye ku yi magana baki da baki. In ba haka ba, sai a ɗora riba a sama ba ka sani ba, ko bayan ciniki mutum uku su tsaya maka a ƙofa kowa na cewa shi ya haɗa.

Baƙo kada ya fara ganin mashin a gidanka. Ku haɗu da rana tsaka a garejin bakanikenka ko kusa da ofishin 'yan sanda, kai da wani naka. Ka bar injin da sanyi har ya iso, ya tayar da hannunsa. In ya zo da nasa bakanike, madalla, ya duba iya dubawa amma ba kwance-kwance. Sannan ka yi masa tambayoyin da Yaya ya sa ni yi: ɗan wane gida ne, ina yake aiki, wa ya san shi a garin nan. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, shi ma yana son ya san kai wane ne.

Wani ya kira ni a wata na biyu, ya taya sama da abin da nake fata, bai ko nemi ragi ba. Ya ce takardu ba damuwarsa ba ne, kuɗi a hannu, in kai masa mashin wata mararraba bayan gari bayan magariba. Na ce masa albarka. Ya ƙara kuɗi, na sake cewa albarka, na kashe waya. Ban san ko wane ne ba, kuma wannan kaɗai ya ishe ni dalili.

"Bari in ɗana" ita ce kalmar da aka fi raba mutane da mashinansu da ita. Ba a cinikin biri a sama, dole mai saye ya hau, amma da sharaɗi. Ya nuna lasin tuƙin mashin, wato aji A. Kuɗin ko wanda ya tsaya masa su kasance a wurin. A yi gwajin a fili mai kewaye ko layin da ka zaɓa, mai kaɗan a tanki, takardu a aljihunka. Ku yi magana tun farko cewa in ya kayar, gyara nasa ne. Wanda ya saba da ƙaramin mashin bai san yadda wannan ke rinjaya a kwana ba, ka gargaɗe shi kafin ya saki kuloci.

In an kai ga tayi, kada ƙaramin tayi ya ɓata maka rai, ka ce albarka da fara'a ka bar ƙofa a buɗe. In kun daidaita ka ce ka sallama, to magana ta ƙare, ko wani ya zo da ninki daga baya. Kuɗin kafin alƙalami a rubuta shi da ranar cikawa da abin da zai faru in ba a cika ba. Biya kaɗan-kaɗan kuwa, in har ka yarda, mashin na wurinka sai an cika kobo na ƙarshe, ko da ɗan ɗakinku ne. Zumunci da yawa ya mutu a kan ragowar kuɗin mashin.

Saƙon alat ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirar na bogi har da sunan bankinka. Ka buɗe manhajar bankinka da kanka ka ga kuɗin sun zauna, ko ku je banki tare a ranar aiki. Hoton rasit da ya nuna maka a wayarsa ba hujja ba ne, "netwok ne ya riƙe" ma ba hujja ba ce. In tsaba ya kawo, ku ƙirga a cikin banki a zuba a asusunka nan take, kada ka kwana da su a gida. Wanda ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da kima yana son ka mayar masa da ragowa, ka jira banki ya tabbatar kafin ka taɓa ko sisi. Kuma kuɗin su fito daga asusu mai sunan wanda zai sa hannu a takarda.

Raba sunanka da shi

Takardar yarjejeniya kofi biyu ake yi, ko uku in mai unguwa zai riƙe ɗaya, kuma ina ba da shawarar ya riƙe. A rubuta cikakken sunan mai sayarwa da mai saye, adireshi, lambar waya, lambar NIN, ƙirar mashin da launinsa, lambar bodi, lambar inji, lambar rajista, abin da mita ke nunawa, kuɗin da aka biya da alƙaluma da kalmomi, aibobin da aka faɗa, da kayan da aka haɗa da su. A sa rana, a sa har da ƙarfe nawa aka miƙa makulli, domin daga wannan minti duk abin da mashin ya yi a wuyan sabon mai shi yake. Shaidu biyu kowane ɓangare, mutanen da ake iya nemowa: mai unguwa, liman, fasto, shugaban wurin aikinsa. A manna ƙananan hotunanku, ka karɓi kofin katin shaidarsa, a ɗauke ku hoto tare a gaban mashin ɗin.

Yarjejeniya ba ta canza abin da ke rajistar hukuma. Nan ne mutane ke sakaci, a ce "zan yi daga baya," shekara ta zagayo mashin na yawo da sunan tsohon mai shi, har ya canza hannu sau uku. Ko dai ku tafi ofishin lasin tare a yi canjin mallaka kana tsaye, ko ka kwance lambarka ya je ya yi sabuwar rajista da sunansa. Kafin ka miƙa ainihin takardu ka yi kofin kowace ka adana.

In mai saye na nesa ne, za a ɗora mashin a mota, a rage fetur, a sa shi a giya, a ɗaure shi tsaye ta kusurwa huɗu da igiya mai ƙarfi, a sa tsumma inda igiya ta taɓa fenti. Direba ya tafi da kofin takardu da na yarjejeniya da lambobin wayarku, don tsakanin Zuru da Kontagora za a tambaye shi fiye da sau ɗaya. A tashi da safe.

Namu wani ma'aikacin lafiya ne ya saya, ɗan Dabai mazaunin Kaduna, da ya zo Kirsimeti. Kawunsa ya rako shi, ashe sun yi zaman bariki ɗaya da Yaya. Duk da haka Yaya ya ce a rubuta komai, kawun ya ce shi ma abin da zai faɗa ke nan. Kuɗin bai kai abin da nake fata ba, ya ɗan haura na ukun da na ɓoye. Ya ɗauki gilashin tare iska, ya bar fitilun da salansa mai rugugi, daga baya wani matashi ya saye su. Muka yi kwana biyu muna zirga-zirgar ofishin lasin, ranar ta uku da sassafe aka ɗora mashin a bayan a-kori-kura aka nufi hanyar Rijau. Yaya ya fito da sandarsa ya duba ɗaurin igiyoyin da kansa, ya miƙa wa yaron makulli na biyu, ya ce, "Ɗana, ka canza tayoyin nan kafin ka hau babban titi."

Jakunkunan fatar bai sayar ba, suna rataye a zaure. Kofin yarjejeniyar kuma ya sa shi cikin akwatin ƙarfen da yake ajiye takardar sallamarsa daga soja.